Daga Tafkin Jabi zuwa Gadar Lekki: ina mutum zai yi gudun motsa jiki a bakin ruwa?

Duk wanda ya taɓa hawa motar dare daga Legas ko Fatakwal ko Anaca zuwa Abuja ya san Utako, ko da bai riƙe sunan ba. Nan ne manyan kamfanonin sufuri na Kudu suka jera tashoshinsu, nan ake sauke mu da asuba, ƙafa a kumbure, baya a sage, kowa na neman mai shayi da wurin alwala. Yawancinmu iyakar saninmu da unguwar ke nan: tasha, kasuwar Utako, sai mu kama gabanmu. Alhali kilomita biyu zuwa uku daga nan, gwargwadon inda ka tashi, akwai wurin da mutanen Abuja suka fi zuwa gudun safe, kuma a bakin ruwa yake. Tafkin Jabi ke nan.

Abuja ba ta da teku, Legas na da shi. Amma in aka zo maganar wurin da talaka zai iya sa kambas ɗinsa ya yi gudu yana kallon ruwa ba tare da ya biya kuɗin ƙofa mai tsada ko ya yi tafiyar awa biyu a go-sulo ba, lissafin ba kamar yadda mutum zai zata ba ne. Shi ne abin da za mu duba, don da yawa daga cikin masu karanta mu ƙafa ɗaya a Agege take, ɗaya a Abuja.

Me ya koro ka?

Mu faɗa wa juna gaskiya tukuna. A wajenmu, in aka ga magidanci da gemunsa yana gudu a titi, tambayar farko ita ce: "Lafiya, Alhaji? Me ya koro ka?" Gudu na yara ne, ko na sojoji, ko na ɗan ƙwallo. Babba sai dai tafiyar ƙasaita. To amma Hausawa ne dai suka ce in ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Sa gudun zamaninmu shi ne ranar da aka ɗaura maka abin awo a hannu, ma'aikacin lafiya ya dube ka ya sake dubawa, ya ce tun yaushe rabonka da auna hawan jini.

Bincike iri-iri da aka yi a Najeriya na nuna kusan mutum ɗaya cikin uku na manya yana da hawan jini, da yawa kuma ba su san suna da shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2020, ta ce baligi na buƙatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, irin tafiya da sauri, ko kuma minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi, irin gudu. In ka raba, minti 30 ne sau biyar a mako. Ba wani abu ba ne.

Wani zai ce ai shi aikinsa ma motsa jiki ne. In ɗan dako ne a Mile 12, ko mai tura kurar ruwa, ko mai yawo da kaya a kai, gaskiyarsa, wannan rubutu ba da shi yake ba, shi hutu ma yake buƙata. Amma ɗan canji da ke kan benci tun tara na safe, da mai shago, da dillalin shanu da yanzu duk cinikinsa a waya yake, da direban tirela da zai wuni ya kwana a kujera, da mai gadi, su fa? Ga shayi mai suga cokali huɗu, ga tuwo da dare a kwanta a kai. Da su nake.

Tafkin Jabi

Tafkin ba halittacce ba ne, madatsar ruwa ce aka yi a farkon shekarun 1980 don ba sabon birnin ruwan sha, tun kafin a dawo da fadar gwamnati Abuja a ranar 12 ga Disamba, 1991. Da aka kammala madatsar Usuma da ke wajen Bwari, nauyin shayar da birni ya koma can, Jabi ta zama wurin shaƙatawa. Ƙasar Gbagyi ce tun asali, da Jabi da Utako duka, har yanzu ma akwai tsohon ƙauyen Utako a tsakiyar benaye.

Daga Utako hanyar ba ta da wuyar ganewa. Titin Obafemi Awolowo shi ne ya ratsa unguwar ya nufi Jabi, daga nan ka nemi titin Alex Ekwueme, a kansa filin shaƙatawar bakin tafkin yake. Wanda ya saba zai iya farawa da sassarfa tun daga cikin layukan Utako, ya isa tafkin jiki ya riga ya ɗumama. Sai dai ni ban cika ba sabon shiga wannan shawarar ba. Titunan Abuja faɗi gare su, da sassafe kuma babu cunkoso, direba na ganin fili sai ya taka mota kamar an biyo shi. A Legas go-sulo ne ke kare mai tafiya a ƙasa ba tare da ya sani ba. A Abuja babu wannan kariyar. In dole sai ka bi bakin kwalta, ka bi ɓangaren da kake fuskantar motocin da ke tahowa, kada ka ba su baya, kuma ka cire abin jin waƙa daga kunne. Wajen tashar Jabi da mahaɗar Arab kuwa tafiya za ka yi, ba gudu ba.

Da ka shiga filin, labari ya canza. Ga bishiyoyi, ga ruwa a kwance, iskar safe na tasowa daga kansa da ɗan sanyi. A hayin ruwan kana hango katafaren kantin Jabi Lake Mall da aka buɗe a 2015, wani lokacin ka ga masu kwale-kwale. Ranar Asabar da safe wurin cika yake: masu gudu, masu tafiya, rukunin masu atisaye da kiɗa da mai ba su umarni, masu ƙwallo, masu sayar da rigunan wasanni da takalma na gwanjo, masu kankana da abarba. Za ka ga babban ma'aikaci da tumbinsa yana haki kusa da yaron shago, babu mai kallon wani. Wannan cikar ita ce babbar fa'idar wurin, ta fi ruwan ma. Inda mutum ɗari biyu ke gudu, babu mai tambayar na ɗari biyu da ɗaya me ya koro shi.

Abu ɗaya da ya kamata ka sani don kada ka je da dogon buri: ba za ka zagaye tafkin gaba ɗaya ta bakin ruwa ba. Gidajen masu hali da wuraren kasuwanci sun cinye yawancin gaɓar, abin da ya rage wa jama'a yanki ne kawai. Don haka gudun Jabi je-ka-ka-dawo ne, ka kai ƙarshe ka juyo, ko ka fita ka haɗa da titunan da ke kewaye. Ga mai neman minti 30 ya isa har ya yi yawa. Mai shirin gasar dogon zango shi ne zai ga wurin ya yi masa kaɗan.

In mutum na son canji, akwai Millennium Park a Maitama, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta buɗe a Disambar 2003, ga ciyawa ga inuwa ga Dutsen Aso a gabanka. Akwai kuma harabar babban filin wasa na ƙasa da aka gina don gasar wasannin Afirka ta 2003, wanda aka sa wa sunan Moshood Abiola a 2019. Duka biyun sai ka hau mota daga Utako. A nan kuma a kula da 'yan "wan cans", masu ɗaukar fasinja su yi masa fashi a cikin mota. Sun fi ɓarna da duku-duku da kuma bayan magariba, daidai lokacin da mai motsa jiki ke fita. Shiga mota a tasha, kada ka tsayar da ita a bakin hanya.

Legas: ruwa ko'ina, amma na wa?

Yanzu mu koma gida, Legas. Garin da teku ke gabansa, ruwan lagun da Yarbawa ke kira osa ya ratsa cikinsa, ya kamata a ce wurin gudu a bakin ruwa sai wanda ka zaɓa. Ba haka abin yake ba.

Wurin da kowa ya sani shi ne gadar da ta haɗa Ikoyi da Lekki. Kamfanin Julius Berger ne ya gina ta, Gwamna Babatunde Fashola ya buɗe ta ranar 29 ga Mayu, 2013. Tsawonta kilomita 1.36, kuma ita ce ta farko a Najeriya da aka rataya da igiyoyin ƙarfe daga dogon ginshiƙi. Tana da wurin masu tafiya a ƙafa a gefe, shi ya sa masu gudu suka mai da ita tasu. Ka je ka dawo kilomita 2.7 ke nan, sau biyu ka haura biyar. Tana da ɗan tudu a tsakiya wanda ba ka ganinsa daga cikin mota, sai cinyarka ta gaya maka. Ko Mark Zuckerberg, mai Facebook, da ya zo Legas a Agustan 2016 a kan gadar nan ya yi gudun safe, hoton ya zagaya duniya. Da gari ya fara wayewa, ruwa hagu da dama, masunta a kwale-kwalensu a ƙasa, benayen Ikoyi na fitowa daga hazo, wallahi wurin da kyau. Ba na ja.

Amma wa ke iya zuwa? Ɗan'uwanmu na Obalende yana iya ratsawa ta cikin Ikoyi, ya bi Bourdillon ya faɗa titin Alexander, ya hau gadar. Masu gadi da direbobin da ke kwana a Lekki da Ikoyi su ma a bakin ƙofarsu take. Wanda ke Agege ko Mile 12 ko Alaba Rago fa? Kafin ya je ya dawo, kuɗin mota ya ci ribar wuni, rabin safiya ta tafi. Zai je sau ɗaya, ya ɗauki hoto, shi ke nan. Hanyar gudun da za ka je sau ɗaya a shekara ba ta rage hawan jini.

Bakin tekun ma haka. Tsofaffin 'yan Legas na tuna Bar Beach, inda kowa ke zuwa kyauta ranar Lahadi da lokacin Sallah, masu dawakin haya da yawa ma 'yan'uwanmu ne. Teku ya yi ta cin gaɓar, daga baya aka cike wurin da yashi aka kafa Eko Atlantic a kai. Bar Beach ta zama tarihi. Waɗanda suka rage ta wajen Lekki, irin su Elegushi, sai ka biya a ƙofa. A 2024 kuma aikin babban titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba, mai tsawon kusan kilomita 700, ya bi ta kan wani sashe na gaɓar, har aka rushe wurin shaƙatawa na Landmark. Wato kullum ruwan na nan, hanyar talaka zuwa gare shi ce ke ƙara tsukewa. Abin da ya faru da gaɓar Jabi ne, sai dai na Legas ya fi girma nesa ba kusa ba.

In ka samu kanka a yashin, ka sani gudu a kansa ya fi na kwalta cin ƙarfi, kuma sha-raɓa ce ke biya washegari. Bi jiƙaƙƙen yashi, ya fi tauri. Kada zafin gudu ya sa ka ce bari ka ɗan shiga ruwa ka huce. Tekun Legas na da ja ta ƙasa, ya ci gwanayen iyo, balle mu da muka koyi ninƙaya a kududdufi.

To ina mafita? A ganina a daina hangen Lekki, a duba kusa da gida. Mutanen Idi-Araba da Mushin ga filin wasa na ƙasa a Surulere, wanda ya karɓi gasar wasannin Afirka ta 1973. Ginin ya tsufa, amma harabarsa cike take da masu atisaye kowace safiya. Na Agege ga filin wasan Agege, ga titunan Ikeja GRA masu inuwa da ƙarancin hayaniya. Mai son lallai sai ya ga ruwa, akwai bakin lagun na Jami'ar Legas a Akoka, kusa da Yaba. Mutanen Sabo a Ibadan ga filin Adamasingba a maƙwabtansu, na Fatakwal ga Pleasure Park a titin Aba. Ba duka ke da kyan kallo ba, amma za ka iya komawa jibi.

Rana ɗaya ce a shekara titin Legas ke zama na masu ƙafa: ranar gasar gudun fanfalaki ta birnin, da aka fara a Fabrairun 2016. A shekarun baya an saba tashi daga filin wasa na Surulere, a hau gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8, a ƙare a Eko Atlantic, kilomita 42.195 cif. Gadar da ko da wasa ba a tafiya a kanta a ƙafa, ranar sai ga dubban mutane a kai, ruwa ya kewaye su. 'Yan Kenya da Habasha ne ke kwashe manyan kyaututtuka, a cikin 'yan gida kuma galibi 'yan Filato ne ke gaba. Akwai ta kilomita 10 ga irinmu, kuma wanda ya yi wata uku yana atisaye zai iya gama ta ko da rabi gudu rabi tafiya.

Abin da ba a rubutawa a tallar gudu

Akwai maganar da ɗan Ikoyi ba ya buƙatar ji, amma mu dole mu faɗa wa juna. Bahaushe da jallabiya ko yagaggen wando da silifas, yana gudu shi kaɗai cikin duhun asuba a unguwar da ba a san shi ba, ba mai motsa jiki za a gani ba. Mutum ɗaya ya ƙwalla "Ole!" ya isa. Kafin ka buɗe baki ka yi bayani an taru. Babu wanda ya manta da Uromi a jihar Edo, Maris ɗin 2025, inda aka kashe matafiya 16 mafarauta da ke hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano, bisa zargi kawai. Su ba gudu suke yi ba, amma darasin zargi ɗaya ne.

Shi ya sa shiga take da muhimmanci. Sa kayan da kowa ya gani zai san abin da ya fito da kai: kambas, riga mai haske, dogon wandon wasanni. A gwanjon Katangowa ko Yaba za ka haɗa su ba tare da ka yi kuka ba. Takalmin ne kawai kada ka yi masa rowa, gwiwa ba ta da safaya. Riƙe katin shaida ko kwafinsa a aljihu, da ɗan kuɗin mota. Babbar waya ta zauna a gida. Fita ku biyu ko uku, 'yan sahun asuba ɗaya sun fi sauƙin haɗawa, tunda an riga an tashi. Kuma a jira gari ya ɗan waye. A Legas rana ba ta fitowa sai wajen 6:30 zuwa 7:00, don haka tsakanin sallame salla da fita akwai lokacin azkar da shan ruwa. Gaisar da masu gadin layi da 'yan banga ma ba asara ba ce, mako ɗaya suna ganinka kullum ka zama ɗan gida.

A nan ne Jabi ta fi. Hausa ce ke tashi ko'ina a wurin, daga mai lemo zuwa mai gadin mota, kuma babu wanda zai ga baƙonka.

Mata fa? A Jabi ranar Asabar za ka ga mata da hijabinsu da kambas suna tafiya da sauri rukuni-rukuni, wasu da mazajensu, babu abin da ya ragu a mutuncinsu. Hajiyoyinmu na Kudu da yawa suna wuni a ɗaki ɗaya ko a bakin tukunyar abincin sayarwa, ciwon suga da na gwiwa na cin su a hankali. Ba sai sun yi gudu ba. Tafiya mai sauri wadda za ki iya magana amma ba za ki iya rera waƙa ba, ita ce awon da masana ke bayarwa na motsa jiki matsakaici. Maigida, in ba za ka raka ta ba, kada ka hana ta tafiya da 'yan'uwanta.

Iska ba ɗaya ba ce

Wanda ya saba gudu a Legas ya zo Abuja zai ji bambanci, haka wanda ya yi akasin haka. Iskar Legas jiƙe take, gumi ba ya bushewa a jiki, shi ya sa minti goma ka yi sharkaf kamar an watsa maka ruwa, zuciya kuma na aiki fiye da yadda saurinka ya nuna. A Abuja, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu lokacin hunturu, gumin bushewa yake nan take, sai ka zata ba ka rasa ruwa ba, alhali ka rasa. Ga ƙura. Mai asma ya kiyayi safiyar da hazo ya rufe hayin tafkin. Watan Maris kuwa zafin Abuja na haura digiri 35 da rana, in ba ka gama kafin takwas ba ka bar shi sai yamma. Da damina a garuruwan biyu, ka ji tsawa ka bar bakin ruwa da kan gada.

Wanda ya haura shekara 40, ko mai ƙiba, ko wanda aka taɓa ce masa jininsa ya hau, ya fara zuwa a auna shi kafin ya sayi takalmi. Makon farko da na biyu tafiya kawai. Sannan minti ɗaya sassarfa, minti biyu tafiya, a maimaita har minti ashirin, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan duk mako. In ka ji ƙirji ya ɗaure, ko jiri, ko zafi na sauka hannun hagu, tsaya nan take ka nufi asibiti, kada ka ce bari na ƙarasa zagayen. Da azumi kuma a mayar da shi tafiya kafin shan ruwa da kamar rabin awa, gudun a bar shi sai bayan tarawihi, a wuri mai fitila da jama'a.